Mai Kaɗi a Cikin Tsohon Zanen Umdurman

Shekarun baya, tun kafin yaƙi ya watsa mu, ina aiki a wani ɗan shago da ke bayan kasuwar Umdurman, inda muke sa wa hotuna katako da gilashi. Birwaz ake ce wa katakon a can. Yawancin abin da ake kawo mana ayoyi ne da aka rubuta da ruwan zinari, sai takardun gama makaranta, sai hotunan biki. Ni da na ɗan karanta zane, ina ganin wata rana za a riƙa jera aikina a bango, sai ga ni na ƙare a yankan gilashi da yankan yatsu. Duk da haka ina son aikin. Kullum da sassafe nake barin gidanmu a Alhilla Kuku, in hau hafla, wato bas, in ƙetare kogi zuwa Suk al-Arabi, in sake hawa wata in ƙetare wani kogin.

Ina wannan aikin ne kakana ya rasu a Jazira, yankin gonakin auduga, mahaifiyata ta je ta ɗauko kakata ta dawo da ita wurinmu. Habboba muke ce mata, kamar yadda kowane jika yake kiran kakarsa a ƙasar, amma Hausa take yi mana ko da mun amsa mata da Larabci. Tun tana yarinya take tsinkar auduga a gonakin mutane. A kambo ta girma, wato 'yan bukkokin ma'aikatan gona da ke bakin magudanar ruwa, a nan ta yi aure, a nan ta haihu, a nan ta binne biyu daga cikin 'ya'yanta. Tafin hannunta kamar ɓawon itace yake, in ta shafa maka fuska sai ka ji kamar an goge ka da soso.

Mahaifiyata ta ɗauki alkawari tsakaninta da Allah cewa hannun nan ba zai sake taɓa aiki ba. Aka gyara mata ɗaki, aka ɗaure mata sabon angarib, gadon nan na igiya, aka kafa mata fanka. In ta ɗauki tsintsiya, sai ka ji mahaifiyata daga madafa.

"Inna, don Allah ajiye. Yaran nan me suke yi?"

In ta jawo tiren kuɓewa za ta yanka, sai a zare mata wuƙar a hankali.

"Kin yi naki, Inna. Yanzu namu ne. Ke dai ki huta."

Da farko takan yi gardama. Takan ce ita ba ƙwai ba ce da za a ajiye a kan auduga. Daga baya ta daina gardamar, mu kuma muka ɗauka ta saba. Sai ta fara rage fitowa rakuba, rumfar da muke zama a tsakar gida. Sai ta fara rage cin abinci. Asida, tuwon ƙasar da take so da miyar busasshiyar kuɓewa, sai ta taɓa loma biyu ta ture. Ni da muke wasan jika da kaka, tana ce min ƙawata, tana tsokanata cewa na kasa samun miji saboda ban iya tuyar kisra ba, wainar nan mai faɗi ta ƙullun dawa, sai in shiga in yi ta zuba, ita kuwa ta juya fuska ga bango. An kai ta asibiti, aka duba jini, aka duba zuciya, likita ya ce bai ga komai ba sai tsufa. Mahaifiyata takan fito daga ɗakin da kwanon abinci yadda ta shiga da shi, ta tsaya a bayan randa ta share ido da gefen tob ɗinta, mayafin da matan ƙasar suke naɗawa. Kowa a gidan ya san inda abin ya dosa, ba mai iya faɗa.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo shagonmu wata safiya. Farar jallabiya, babban rawani, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya rungume wani abu da aka naɗe da tsohon tob. Ya ce tob ɗin na marigayiya matarsa ne, abin da ke ciki kuma ya girme shi. Zai koma wurin 'yarsa a ƙasar waje, ba ya son ya tafi ya bar shi, ga shi gara ta cinye katakon.

Da muka warware, sai na ga zanen hannu ne, na fenti, a kan allo. Launin ya dushe, gefe ɗaya ruwa ya taɓa. Ya ce wani malamin zane ne ya yi shi a gidan kakansa tun zamanin Turawa, lokacin da ya yi haya a wurinsu. Tsakar gida ce ta jar ƙasa, da inuwar wata bishiya da ba a ganin ta sai inuwar. Mata uku ne. Ɗaya ta durƙusa tana gurza auduga a kan dutse, tana fitar da angurya. Ɗaya tana riƙe da ɗan baka tana shiɓa, audugar ta tashi a gabanta kamar kumfa. Ta ukun tana tsakiya, zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya, hannunta na hagu a sama riƙe da auduga, na dama a ƙasa yana murza mazari. Ta ɗan ba da baya, ba a ganin fuskarta sai gefen kunci da kunne. Zaren da ke tsakanin hannuwanta layi ɗaya ne fari siriri, wanda sai ka matsa kake ganinsa.

Na daɗe ina kallo. Abin da ya burge ni a lokacin shi ne yadda mai zanen ya sa haske a kan kafaɗarta, don har yanzu ina jin kaina masaniyar zane. Na ɗauki hoto da wayata don in nuna wa ƙawayena.

Da la'asar na dawo gida na tarar da mahaifiyata tana soya bun, wato 'ya'yan gahawa, za ta haɗa gahawar da ake kira jabana, ko ƙanshin zai fito da Habboba. Bai fito da ita ba. Na shiga na zauna a bakin angarib ɗinta, na rasa hirar da zan yi, sai na ce, "Habboba, ga irin aikinku na da, yau aka kawo mana."

Ban yi zaton za ta juyo ba. Ta juyo. Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci, ta mayar nesa.

"Ƙara mata girma."

Na buɗa hoton da yatsu. Ta zuba masa ido har hasken wayar ya mutu, na sake kunnawa. Sai ta yunƙura ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba sai an tallafa mata.

"Ƙawata, a ina kika samo Iyata?"

Mahaifiyata da ke bakin ƙofa da tire a hannu ta dube ni, na dube ta. Na ga tsoro a idonta. Ta ɗauka hankalin ne ya fara tafiya.

"Inna, zane ne fa. Na mutanen Umdurman ne, ba namu ba."

"Na san zane ne, ai ban makance ba. Ina yake?"

Na ce yana shago.

"Gobe za ki kai ni."

Mahaifiyata ta ce sam. Mutumin da ko bayi sai an riƙe shi, ina shi ina ƙetare koguna biyu a cikin wannan rana? Ta ce in roƙi mai shago ya ara mana shi. Na ce amana ce, ba a fita da kayan mutane. Habboba tana jin mu. Da muka gama sai ta dubi tiren.

"Akwai sauran kunu? Kawo min. Mai ƙetare kogi ba ya tafiya da yunwa."

Ta shanye kofi guda, ta miƙo a ƙara. Wannan kofi na biyu ne ya kashe gardamar. Mahaifiyata ta ce to, amma sai ta yi kwana biyu tana cin abinci tukuna, kuma da ita za a je. Habboba ta ci. Har da ƙorafin gishiri bai ji ba.

Ranar tafiya Habboba ta sa aka ciro mata farin tob ɗinta na Idi. A hafla samari biyu suka tashi suka ba mu wuri kusa da taga. Kumsari, wato kwandasta, yana ta ƙyasta yatsu yana bin kujeru, ita kuwa ta manne fuska da gilashi tana kallon Nilu kamar yarinyar da aka fito da ita yawon sallah. A Suk al-Arabi, inda muka sauya mota, ana ta turereniya, amma Habboba ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana ce wa masu tura kaya su yi a hankali, akwai manya a hanya.

Da muka isa shago sai muka tarar da dattijon, ya zo zaɓen katako. Na gabatar da su, na ce kakata ce, ta ga hoton a waya ta ce sai ta gani da idonta. Ya miƙe da ƙyar ya ba ta kujerarsa.

"Itfaddali, bismillah zauna, ya Hajja. Gidanki ne."

Mai shago ya jingina allon a kan tebur daidai fuskarta. Ta miƙa hannu za ta taɓa, na buɗe baki zan hana, dattijon ya ɗaga min yatsa. Ba ta ma taɓa ba. Ta bi layin zaren ne da ɗan yatsa a iska, daga sama har ƙasa. Sannan ta ce, da Larabcinta na Jazira, "Wannan uwata ce."

Dattijon ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya ɓata wa baƙo rai.

"Ya Hajja, ki yi haƙuri, wannan kakata ce. Katangar nan ta gidanmu ce. A ƙarƙashin bishiyar nan aka yi min kaciya."

"Katanga taka ce, ban hana ka ba. Matar tawa ce. Haka Iya take miƙe ƙafa. Kuma dubi mazarin, a cikin ɗan kasko take murza shi, irin namu."

"Kakata ma tana da kasko."

"Ka gan ta da shi?"

"Ke kin taɓa zuwa Umdurman da uwarki?"

"Ni ban zo ba. Ita da ƙafa ta taho daga yamma za ta Makka, ka san inda ta kwana da inda ba ta kwana ba?"

Mahaifiyata ta rufe fuska da tob don kunya, tana cewa, "Inna, Inna." Mai shago ya leƙa waje ya kira mai shayin bakin titi, wai ko shayi zai raba. Aka kawo, kowannensu ya karɓa bai kalli kofin ba. Tsofaffi biyu, ɗaya da sanda ɗaya da rawar hannu, suna jayayya a kan matar da ta juya musu baya su duka. Ni dai dariya ta cika min ciki, ina tsoron in saki.

Dattijon ne ya fara sauka. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Bari in faɗa miki gaskiya, ya Hajja. Kakata ta rasu kafin a haife ni. Ba ta da hoto ko ɗaya. Ina yaro na tambayi mahaifiyata wace ce ita a cikin ukun nan, ta ce ba ta sani ba, ita ma a bango ta tarar da shi da aka kawo ta gidan. Sai na zaɓi wannan. Tun daga ranar nake gaishe ta in zan tafi makaranta."

Habboba ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Ni ina da shekarun da ban fara azumi ba Iya ta rasu. Zazzaɓi ne, lokacin tsinkar auduga. Na yi na yi in tuna fuskarta, ta ƙi zuwa. Abin da ya rage min shi ne bayanta. Ina kwance a tabarma, ita tana zaune tana kaɗi, hannu a sama. Da ƙarar mazari. Shi ke sa ni barci."

Mahaifiyata ta sauke tob daga fuskarta. Daga baya ta gaya min cewa duk zamanta da uwarta ba ta taɓa jin wannan maganar ba.

Dattijon ya ciro hankici ya goge gilashin idonsa da bai yi datti ba.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Ashe marayu biyu ne suka haɗu. Mu raba ta, ya Hajja. Ke uwarki, ni kakata."

"In haka ne na zama gwaggonka ke nan," in ji Habboba. "Sai ka riƙa gaishe ni da kyau."

A nan na saki dariyar, kowa ya saki.

A hanyar dawowa, muna kan gada, rana ta yi sanyi a kan ruwa, ta jingina da kafaɗata ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada mahaifiyata ta ji.

"Ƙawata, kada ki ɗauka na ruɗe. Na san ba ita ba ce. Amma wallahi haka take zama."

Washegari da safe ta fito rakuba da kanta, ta ce a nemo mata auduga da mazari. Na zaga kasuwar Umdurman, na samo irin na mutanen gari wanda ake murzawa a cinya, ta juya shi ta ce ba da wannan ta koya ba. Ta aika a kira kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda yake aikin bulo a Aljirif a bakin kogi. Ta ce ya kawo mata yumɓu mai laushi, wanda ba yashi. Ya kawo a leda. Ta zauna ta mulmula 'yan dunƙule kamar goro, ta huda kowanne da tsinke, ta shanya a inuwa. Gululu ke nan, nauyin da ke sa mazari ya yi ta juyawa. Kawuna ya tafi da su ya cusa a cikin wutar da suke gasa bulo, abokan aikinsa suna yi masa dariya wai ya koma gina wa aljanu gida. Rabi suka fashe, sauran suka fito ja jawur. Ta sa aka tara mata ƙasusuwan miya, ta ƙona su har suka yi fari, ta daka, ta samu allin da ake shafa wa yatsu don kada su yi santsi. Audugar da na sayo wurin mai ɗinkin katifa kuwa, ko kallo na biyu ba ta yi mata ba. Ta ce wannan ta mutu. Sai da wata 'yar uwa ta aiko da ta gona daga Jazira, da anguryarta da komai.

Duk wannan hidima mahaifiyata tana kallo, bakinta yana motsi, tana haɗiye maganar. Abinci dai yana shiga, shi ya sa ta yi shiru.

Ranar da komai ya haɗu, Juma'a ce, ina gida. Habboba ta gurza audugar, ta shiɓe ta da bakan da ta haɗa da reshen nim, wato dogon yaro, ta yi laushi kamar girgije. Ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta shafa alli, ta ɗaga hannun hagu, ta murza mazari. Ya juya sau biyu ya faɗi. Ta sake. Zaren ya fito kamar taku ɗaya, ya tsinke. Ta haɗa, ya sake tsinkewa. Hannun da ke sama rawa yake yi, kafaɗar ba ta iya riƙe shi. Ta yi ta gwadawa har gumi ya jiƙa mata wuya. A ƙarshe ta ajiye mazarin a cikin kaskon, a hankali, kamar mai kwantar da jariri, ta zuba wa hannuwanta ido.

"Sun ƙi ni," ta ce.

Ta fara laluben bango za ta tashi ta koma ɗaki. Na san in ta shiga ɗakin nan a haka, ba kunun da zai sake fito da ita. Na yi wuf na ce ta koya min. Na zauna, na ɗaga hannu yadda na gani a zane, har da karkatar da kai. Abin da ya fito daga hannuna, ko akuya aka ɗaure da shi sai ta ji an raina ta. Wani wuri kauri kamar yatsa, wani wuri babu. Habboba ko murmushi ba ta yi ba.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Mahaifiyata ce, hannunta duk ƙullun kisra. Ta wanke a bokiti, ta goge a jikinta, ta ce, "Matsa."

Ni ban taɓa sanin ta iya ba. Ko da wasa ba ta taɓa ambata ba. Ta zauna, ta dangwali alli, ta ɗauki mazarin. Murzawar farko ya yi tangal-tangal. Ta biyu ya tsaya cak a kan tsininsa, ya kama wani siririn kuka kamar na ƙudan zuma, zare ya fara fitowa daga cikin audugar kamar dama can yana ciki yana jira. Hannunta yana hawa, zaren yana binsa. Ta naɗe, ta sake murzawa.

Habboba ta saki bangon. Ta dawo ta zauna.

"Kin cika ja. Sassauta."

"To, Inna."

"Ɗaga gwiwar hannun. Haka na koya miki?"

"Shekara nawa, Inna?"

"Ko shekara ɗari ce. Ɗaga."

Hawaye yana zuba a fuskar mahaifiyata, ba ta da hannun sharewa, duka biyun suna aiki. Habboba ta miƙa gefen mayafinta ta share mata, sannan ta jawo bakanta ta ci gaba da shiɓa, tana cewa kada a tsaya, audugar da ta shiɓe ba za ta isa ba. Ranar kisra ta ƙone, da burodi muka ci miya, ba wanda ya yi ƙorafi.

Daga nan abin ya zama na kullum bayan la'asar. Habboba tana gurza tana shiɓa, mahaifiyata tana kaɗi, ni kuma aka ba ni matsayin da ya dace da baiwata, wato tsince angurya da kawo shayi. A wurin nan na ji labaran da ban taɓa ji ba: yadda ake auna auduga a gona, waƙoƙin da mata suke yi in rana ta take, yadda kakana ya fara ganin Habboba tana faɗa da wani mai awo. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wata tsohuwa daga can ƙarshen layi, wadda ita ma daga Jazira aka kawo ta, ta fara zuwa da nata mazarin na cinya, su yi ta musu a kan wanne ya fi.

Shi kuwa zanen, mun gama masa sabon katako tun da daɗewa, amma dattijon bai zo ya ɗauka ba. In mai shago ya kira shi sai ya ce ba ya sauri. Habboba ta sake zuwa sau biyu, kuma duk zuwan sai mu tarar da shi ya riga mu, ya sa an kawo shayi, ya ce ya zo gaishe da gwaggonsa. Sai daga baya mai shago ya gaya min cewa tun ranar farko ya ce a bar allon a nan muddin Hajja tana son ganinsa, kuma har ɗage tafiyarsa ya yi, 'yarsa tana ta waya tana faɗa.

Da tafiyar ta matso ba makawa, Habboba ta tambaye ni da me ake rataye irin wannan a bango. Na ce da waya ko igiyar roba. Ta ce a'a. Ta sa mahaifiyata ta kaɗa zare mai ƙarfi, ita kuma ta zauna ta tufka shi da tafin hannu a kan cinyarta, ninki a kan ninki, don tufka ba ta buƙatar ɗaga kafaɗa. Ta yi kwanaki tana yi. Igiyar ta fito fara, siririya, in ka ja ta sai ta yanke maka hannu. Ni na ɗaura ta a bayan allon da hannuna. Mai shago ya ce ba a yin haka, zare yana ruɓewa, in riɓa da waya. Dattijon ya ce a bar shi yadda Hajja ta yi.

Da zai tafi ya sunkuya ya sumbaci kan Habboba. Ta ce masa, "Ka rataye ta inda take ganin mutane. Ba ta son zaman ɗaki."

Habboba ta ƙara shekara uku da wani abu a duniya. Ta rasu a rakuba, da rana, bayan ta idar da azahar, da auduga a cinyarta. Ba ta ga yaƙin ba, kuma kullum ina gode wa Allah a kan haka.

Na taɓa tambayar mahaifiyata me ya sa ta ɓoye cewa ta iya kaɗi. Ta ce ba ɓoyewa ta yi ba. Ta tashi tana ganin uwarta a sunkuye, da rana a gona, da yamma a kan mazari, har ta tsani warin auduga. Ta ɗauka in ta raba ta da aiki ta raba ta da wahala. Ta ce, "Ashe ni na kusa kashe ta da hutu." Na ce ba haka ba ne, ƙauna ce. Ta ce ta sani, ai ƙaunar ce ta sa ba ta gani ba.

Ni abin da ya zauna min shi ne wannan: tsoho ba ya rayuwa da abin da ake ba shi kawai, sai da abin da ake karɓa daga hannunsa. Kuma tun daga lokacin na daina kallon irin waɗannan tsofaffin zane-zane don hasken kafaɗa. Matan da ke cikinsu ba wanda ya rubuta sunansu, mai zanen ya sa nasa a ƙasa ya tafi. Amma kowace ɗaya uwar wani ce, kuma wani yana can yana neman ta.

Bayan mun bar Khartum mun samu inda muka tsuguna, wata rana wata baƙuwar lamba ta kira ni. Dattijon ne. Ya bi ta wurin mai shago ya samo ni, yana son ya ji ko mun fita lafiya. Muryarsa ta tsufa sosai. Na ce mun fita, alhamdulillahi, gida ne dai ba mu san halin da yake ciki ba. Ya ce nasa ma haka, an ce bishiyar ma ta tafi. Sannan ya ce, "Gwaggona fa?"

Na gaya masa. Ya yi mata addu'a mai tsawo, na yi ta amsawa da amin. Da za mu yi sallama sai ya ce, "Ya bitti, yarinyata, ki gaya wa mahaifiyarki, 'yata ta sauya gida sau biyu, duk bangon da muka je da igiyar nan muke ratayewa. Har yau ba ta saki ba."